Sa mataki ya gudana a reshe ɗaya kaɗai

Malam, ka tambayi yadda matakin ɗora direban firinta a MDT (Microsoft Deployment Toolkit, manhajar ɗora Windows a kwamfutoci) zai gudana a kwamfutocin reshenku na Ƙaura Namoda, ban da na Gusau.

Rubuta ɗan umarnin PowerShell da zai duba adireshin gateway (na'urar da ke haɗa kwamfutocin reshe da waje), in na Ƙaura ne ya yi wannan:

$ts = New-Object -ComObject Microsoft.SMS.TSEnvironment
$ts.Value("Reshe") = "Kaura"

Wannan zai ajiye kalmar Kaura a wani ma'ajin bayani (variable) mai suna Reshe. Sai ka buɗe shafin Options na matakin firintar, ka sa sharaɗin Reshe ya yi daidai da Kaura. Amma fa umarnin ya riga matakin zuwa, in ba haka ba za a tsallake matakin. Rubuta sunan da K mara lanƙwasa, ya fi kwanciyar hankali. In kuwa sharaɗin laftof kake so kada ka wahala, matakin Gather, mai tattara bayanan kwamfuta, ya riga ya cike IsLaptop, ma'ajin da ke nuna ko kwamfutar laftof ce.