Amsa: marasa addini da hutun Kirsimeti

Malam, ka ce me marasa addini a Turai ke samu a Kirsimeti tunda ba sa zuwa coci. Ai hutu ne da haɗuwar dangi. A ƙidayar 2021 wajen kashi 37 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini, amma ranar 25 ga Disamba yawanci suna gida, manyan shaguna a rufe, a gasa talotalo a ba yara kyauta. Ga sanyi, a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, duhun nan na sa ƙunci wallahi shi ya sa suke cika gari da fitilu. Wanda ba shi da kowa kam ranar ta fi yi masa wuya.