Kumfar gwangwani a cikin casis ɗin mota

Tambayarka ita ce: mai Golf ɗin nan da ke jigila ya ce motarsa tana murɗewa tana kuka in ta shiga rami, kai kuma ka ga wasu suna fesa kumfa mai kumbura cikin ramukan ƙarfen mota domin ta yi ƙwari, shin mu ma mu sayo gwangwani biyu mu ɗura masa? A'a, ɗana, ba za mu ɗura ba. Amma ajiye gudumar ka zauna, domin maganar da ka ji tana da tushe, kuma ina so ka san inda gaskiyarta ta tsaya.

Fara da sanin irin motar da ke gabanka. Hilux da Land Cruiser suna da casis daban, dogayen ƙarafa biyu masu kauri, an ɗora bodi a kai an ɗaure da noti. Golf da Corolla da Sharon, har Fijo 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, ba haka suke ba. Bodin shi ne casis ɗin. Fallen ƙarfe ne da kaurinsa bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, aka lanƙwasa shi ya zama kamar bututu, aka haɗa da ɗigon walda dubbai. Dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ginshiƙan da ke riƙe da rufi, ƙarafa biyun da injin ke zaune a kai, duk holoƙo ne a ciki. Ƙarfinsu yana cikin siffarsu. Muddin bututun yana nan da kusurwoyinsa, zai ɗauki kaya mai yawa. Ranar da bango ɗaya ya lotsa ciki, ƙarfin ya tafi.

Ka duba karan dawa. Ɓawon waje shi ne mai ƙarfi, totuwar ciki kuwa da farce ma kana iya murje ta. Amma ka ƙwaƙule totuwar ka bar ɓawon kaɗai, ka ga yadda zai lanƙwashe nan take. Totuwar ba ta ɗaukar nauyi, hana ɓawon lotsawa take yi. Aikin kumfa a cikin ƙarfen mota ke nan, kuma kamfanonin ƙera motoci suna yin sa da gaske. Kamfanonin sinadarai irin su Sika da Henkel da Dow duk suna sayar musu da kayan wannan aiki.

Sai dai tasu kumfar da ta gwangwani suna ne kawai ya haɗa su. A masana'anta, ana saka wani ƙulli na roba mai tauri lulluɓe da sinadari a daidai mahaɗar ginshiƙi, wurin da injiniyoyi suka auna suka ga yana buƙata. Sai a tsoma bodin gaba ɗaya cikin tafkin fentin hana tsatsa, ya shiga ko'ina, sannan a tura shi tanda mai zafin da ya kai wajen digiri 180. A can sinadarin yake kumbura ya kama ƙarfe mai tsabta wanda bai taɓa ganin ƙura ba. Kuma suna barin hanyar da ruwa zai bi ya fita. Irin wannan kumfa nauyinta yana kai kilo ɗaruruwa a mita ɗaya ta ko'ina. In ta bushe, da ƙyar sukundireba ke huda ta. Masu tseren mota a Japan da suka yi yayin cika ƙarfen ƙasan ƙofa ma ba ta gwangwani suka yi amfani da ita ba, mai ruwa biyu ce da ake gaurayawa, mai nauyi.

Ta gwangwanin da ake samu wurin masu kayan gini a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano an yi ta ne don toshe giɓin firam ɗin taga da ramin bututun na'urar sanyaya ɗaki. Nauyinta kilo 20 zuwa 30 ne a mita ɗaya ta ko'ina, ƙarfe kuwa kilo 7,850. Kusan duk iska ce. Da babban yatsa kake danna ta ta shige. Abin da yatsanka ya fi ƙarfinsa, ina zai tare mota mai fasinja shida da buhunan hatsi a but? Ga wani abu kuma da mutane ba su lura da shi: wannan kumfa da laimar iska take bushewa. In ka fesa ta cikin rufaffen bututu, bakin ramin ya bushe ya toshe, cikin ya zauna da danƙo. A lokacin hunturu da iska ta bushe ƙayau, abin ya fi muni. In kuma ka cika ta da yawa, tana iya turo fallen waje ya yi tozo, mai mota ya dawo yana tambayar wa ya buge masa gefe.

Yanzu kwanta ka leƙa ƙarƙashin ƙarfen ƙasan ƙofar nan. Ka ga 'yan ramukan da ke jere? Ba kuskure ba ne, mafitar ruwa ce. Ruwan sama yana gangarowa ta ginshiƙai, ruwan wanki yana shiga, in an faɗa kududdufi da damina laka tana shiga, duk ta nan suke fita. Kumfa ta toshe su. Bayan haka ba za ta kama ƙarfen da ke da ƙura da tsatsa ba. Da girgizar hanya sai ta ɓamɓare ta bar ɗan siririn fili tsakaninta da bango, ruwa ya shiga ya kwanta, ba iska ba rana. Motocin nan da ake shigowa da su ta Kwatano, da yawa daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara suka fito, da tsatsarsu a ciki tun kafin su iso mu. Ka ƙara musu ruwa mai kwanciya, ƙarfen zai ruɓe daga ciki alhali fentin waje yana sheƙi. Kuma a cikin ramukan nan akwai wayoyi, akwai na'urar da ke naɗe bel a ginshiƙin tsakiya, a wasu motocin har da na'urar da ke tayar da eyabag, jakar iskar da ke kare mutum in an yi karo. Ƙarafan gaba da injin ke zaune a kai kuwa da gangan aka yi su su naɗe in an yi karo, su shanye bugun kafin ya kai ga ƙafafun direba. Ba wurin ƙarin tunaninmu ba ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda zai zo bayanka. Motar haya ba ta rabuwa da mai walda. Wata rana wani yaro kamarka, a Panteka ko a bakin tasha, zai kunna wutar kabaid a kan wannan ƙarfe bai san abin da ke ciki ba. Kumfar tana kamawa da wuta, ta ci a cikin bututu inda ruwa ba ya kaiwa gare ta, ta bi ginshiƙi ta hau rufi, ga tankin mai a kusa. Hayaƙinta guba ne, yana ƙona huhu, akwai sayanayid a cikinsa. Shi ya sa duk motar da aka kawo mana, kafin ka kunna wuta ka cire murfin roba ka zura waya ka ji ko akwai wani abu a ciki, har da kumfar da masana'anta ta saka. In akwai, a ƙwaƙule ta nesa da wurin aiki tukuna.

To me ke damun Golf ɗin? Kawo jak. Ɗaga kusurwa ɗaya ta gaba, sannan ka buɗe ƙofofin ka rufe ɗaya bayan ɗaya. In ƙofa ta cije ko ta sauka, bodin yana murɗewa fiye da kima. Daga nan cire kafet da kujerun baya, ka bi mahaɗun da tocila: kan da shokazoba ke ɗaure, gindin ginshiƙin tsakiya, inda ƙasan mota ya haɗu da ƙarfen gefe. Za ka ga ɗigon walda da ya sake, da jan layin tsatsa a gefensa, ko tsaga. Kada ka manta da bushin da shokazoba, domin sau da yawa kukan da direba ke cewa na casis ne daga can yake fitowa.

Inda ya ruɓe, a yanke har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a sa sabon falle mai kauri ɗaya da na asali, a maido da siffar yadda take. Inda mahaɗa ta sake, a cire kan batir, a kankare fenti, a yi walda tsalle-tsalle: inci ɗaya na walda, a bar inci ɗaya ko biyu, ana sauya gefe don kada zafi ya karkatar da bodin. In ta huce a shafa fentin hana tsatsa, a fesa kakin kariya a ciki, a tabbatar ramukan ruwa a buɗe suke.

Je ka kira mai motar ya zo ya gani da idonsa kafin mu taɓa komai, ka taho da jak ɗin nan babba da tocila.