Tambaya da Amsa: Wace Ƙungiya Zan Damƙa wa Sadakata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina ware wani abu daga albashina duk wata domin mabuƙata, amma kusan kullum sai na ci karo da hoton yaro marar lafiya a Facebook ko WhatsApp tare da lambar asusun banki, ga kuma ƙungiyoyin da ke rantsuwa cewa duk abin da aka ba su yana isa hannun talaka ba tare da an taɓa ko sisi ba. Yaya zan bambance masu gaskiya da 'yan damfara, kuma kuɗi ya fi dacewa in bayar ko kaya?
— Daga wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malama, Allah ya karɓa. Zan fara da alkawarin nan na "ba a taɓa ko sisi", domin ya fi komai ruɗin masu kyakkyawar niyya. Kai abinci ko magani ga mutanen da ke nesa yana buƙatar mota da mai da ɗakin ajiya da ma'aikata, kuma dole wani ya biya su. Ko a cikin mutane kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ba su haƙƙin zakka, akwai masu aikin tattara ta. A 2013 manyan cibiyoyi uku masu tantance ƙungiyoyin agaji a Amurka, ciki har da Charity Navigator, sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon masu bayarwa su daina auna ƙungiya da ƙanƙantar kuɗin gudanarwarta kawai. Idan wata ta ce ba ta cire komai, ki tambaye ta wanda ke biyan albashin ma'aikatanta. Mai gaskiya tana da amsa a shirye.

Abin da ya kamata ki duba shi ne ko ƙungiyar ta yarda a bincike ta. Ki nemi lambar rajistarta, ki tabbatar da ita a shafin hukumar da ta yi mata rajistar, sannan ki nemi rahoton kuɗinta na shekara wanda akanta daga waje ya tantance, da sunayen amintattunta. A Ingila da Wales, hukumar Charity Commission tana ɗora irin waɗannan bayanai a intanet, haka ma a Amurka kowa na iya karanta takardar Form 990 da galibin manyan ƙungiyoyi ke miƙa wa hukumar haraji. Sai dai rajista shaidar wanzuwa ce kawai, don haka ki ƙara da tambayar sakamako: rijiyar da aka haƙa shekara uku da suka wuce, har yanzu tana ba da ruwa, kuma wa ke gyara famfon idan ya lalace? Ina yawan tuna ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda bayan ambaliyar sunami ta Disambar 2004 ta fito ta ce abin da ta samu ya ishe ta aikin wannan bala'in, a daina aiko mata da sunansa. Irin wannan hali ya fi hotuna dubu nauyi a wurina.

Game da roƙon da ke yawo a waya, gani ya kori ji. Ki saka hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, domin sau da yawa za ki tarar tsoho ne daga wata ƙasa daban. Ki nemi sunan asibitin da lambar katin majinyacin, ki biya asibitin kai tsaye ki karɓi rasit. Duk wanda ya ce ƙungiya yake wakilta amma asusun da ya bayar na sunan kansa ne, ko yake matsa miki lamba cewa in ba ki tura yanzu ba yaron zai mutu kafin dare, ki dakata.

Batun kuɗi ko kaya kuwa, kuɗi ya fi a mafi yawan lokuta. Bayan kowane babban bala'i tsofaffin tufafi da magungunan da wa'adinsu ya ƙare sukan cika tashoshin jiragen ruwa, ma'aikatan agaji su ɓata lokaci wajen tantance su, alhali da kuɗi za a sayi ainihin abin da ake buƙata a kasuwar da ke kusa. Ƙungiyar agaji ta GiveDirectly ma ta gina aikinta ne a kan tura wa iyalai kuɗi ta wayar salula, ta faro daga Kenya. Tunda kina warewa duk wata, ki zaɓi ƙungiya ɗaya ko biyu da kika tantance, ki ɗore da su, ki kuma karanta rahotonsu a ƙarshen shekara kafin ki sabunta alkawarinki.