Filin Tambaya da Amsa: Ina Son Fara Bidiyo, Amma Wayata Ƙarama Ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Zariya, ina sana'ar alkaki da dubulan da dambun nama, akasari na kayan gara. Ƙawayena sun matsa mini in riƙa ɗaukar bidiyon aikina ina sawa a intanet. Ina so, sai dai wayata Tecno ce ta kwana biyu, ba ni da kuɗin kyamara, kuma maigida ya ce ya yarda amma ban da nuna fuska. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Wasiƙarki ta faranta mini rai, domin yawancin masu rubuto mini kan wannan batu sunan kyamara suke nema, in na tambaye su me za su nuna wa mutane sai magana ta tsaya. Ke kuwa kina da abin nunawa. Akwai 'yan mata da yawa da suka tashi suna cin alkaki amma ba su taɓa ganin yadda ake barza alkama a kwaɓa ta, ta kwana ta tashi, a murza a nannaɗe, a soya a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari ba. Abin da hannunki ya saba da shi har kin daina ganinsa a matsayin ilimi, shi ne wata take nema ido rufe ana saura mako biyu bikin ƙanwarta.

Sharaɗin maigida bai rage ki da komai ba. A bidiyon girki hannu ake kallo da tukunya. Ki samu abin ɗora waya mai ƙafa uku, ana sayar da ƙanana a shagunan kayan waya, ko ki jingina wayar a kan wata kanta yadda za ta leƙa kwanon daga sama ko daga gefe. Muhimmin abu kada ta riƙa rawa. In yarinya za ta riƙe miki, ta zauna ta dafa gwiwar hannunta a kan wani abu.

Wayarki ta isa. Kafin kowace ɗauka ki goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, saboda tururin mai da yatsa suna barin maiƙo a kai, kuma sau da yawa dishi-dishin da ake ɗora wa laifin ƙaramar waya daga nan yake. Ki shiga saitin kyamara, a wurin zaɓen ingancin bidiyo ki zaɓi 720 ko 1080, kada ki wuce haka. Minti ɗaya a 1080 yakan cinye wajen megabait ɗari ko fiye, don haka ki share tarkacen bidiyoyin da ake turowa a WhatsApp kafin ki fara. Ki kuma sa wayar a alamar jirgi, kada kira ya shigo daidai lokacin da alkakin ya yi ja a cikin mai, wanda ba za ki iya mayar da shi ɗanye ki sake ɗauka ba.

Haske kuma Allah ya hore mana shi kyauta. Ki fito da murhu ko risho inuwar tsakar gida da hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka takan ƙona hoto, fari ya yi fau, inuwa ta yi baƙi ƙirin. In a ɗakin girki dole za ki yi, ki tsaya yadda hasken taga zai faɗo kan aikin, kada tagar ta kasance a bayan tukunyar tana kallon kyamara.

Inda nake so ki fi ba da ƙarfi shi ne sauti. Na daɗe ina ɗaukar bidiyon biki da tace shi, kuma abin da na gani shi ne mutane suna haƙuri da hoton da bai fita sosai ba, amma ba sa haƙuri da muryar da ba sa ji. Gidajenmu kuwa ba su rabo da ƙara: janareton maƙwabta, injin niƙa, adaidaita sahu a bakin layi, yara, awaki. Da hunturu ga iska tana bugun makirufo har ta rufe magana. Saboda haka kada ki haɗa aiki da bayani a lokaci guda. Da rana ki ɗauki aikin kawai, bakinki shiru. Da dare, in gida ya lafa, ki shiga ɗaki mai labule da katifa, domin su ke shanye amsa-kuwwa, ki kunna bidiyon kina kallo kina bayani, wayar na nesa da bakinki kamar taƙi ɗaya. Manhajojin tace bidiyo irin su CapCut da InShot duk suna da wurin ɗora murya a kan hoto. Amma kada ki kashe sautin aikin gaba ɗaya, ki rage shi dai. Ƙarar taɓarya a turmi lokacin da ake dakan naman dambu, da cuwwar da mai ke yi in an jefa dubulan, su ne ke sa mai kallo ya ji kamar yana zaune a tsakar gidanki.

Wajen bayanin, ki yi magana kamar kina koya wa ƙanwarki da ke gefenki. Kada ki ari muryar masu karanta labarai. Ki faɗi awo da abin da mata suka sani, mudu, gwangwanin madara, cokalin cin abinci, ki kuma faɗi alamar da ke kanki kike dubawa: yaya sukarin yake in ya yi danƙon da ake so, yaya kike gane mai bai yi zafi da yawa ba. Nan ne gwaninta take, kuma nan ne yawancin masu bidiyon girki ke tsallakewa. Ki buɗe da nuna tiren alkakin da aka gama, yana sheƙi, ki yi sallama a taƙaice ki shiga aiki. Gaisuwar minti guda da jero sunayen 'yan uwa tana korar baƙon da bai san ki ba tukuna. Ki riƙa ɗauka gutsure-gutsure, daƙiƙa biyar zuwa goma a kowane mataki, ya fi sauƙin haɗawa a kan ki bar waya tana ɗauka awa biyu.

Sai wurin sawa. In kin riƙe wayar a tsaye, bidiyon ya dace da TikTok da Facebook da WhatsApp da gajerun bidiyon YouTube, waɗanda tun watan Oktoban 2024 aka yarda su kai minti uku. In kin kwantar da ita, ya dace da dogon bidiyon YouTube. Shawarata ki yi cikakken darasi na minti shida zuwa takwas a YouTube, ki yanko minti ɗaya mafi daɗin kallo ki watsa a sauran wuraren. Dalilina shi ne a YouTube nema ake yi. Bidiyon da kika sa bana zai iya tashi baɗi da jajiberin Sallah, lokacin da mata ke rubuta "yadda ake alkaki". To ki sa masa wannan sunan daidai, da Hausa, yadda mai nema za ta rubuta. Sabuwar tasha ba ta iya ɗora abin da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da ita da lambar waya, ki yi wannan tun ranar farko. Ki kuma riƙa ɗorawa da tsakar dare ko da asuba, layi ya fi sakewa.

Wata rana za a ce miki kina tona asirin sana'arki. Ban yarda da wannan tsoron ba. Wadda ta kalli wahalar da ke cikin dambun nama, daga dafawa zuwa daka zuwa tsayuwa kan wuta ana juyawa har ya bushe, ta fi kusa da neman lambarki fiye da neman turmi. Ki tanadi layin waya na sana'a daban da naki na gida. Kada ƙofar gidanku ko lambar motar maigida ko rigar makarantar yara su fito a hoto. Ki kunna tsaron nan mai mataki biyu a asusunki na Google, kada kuma ki ba kowa lambobin sirrin da ake turo miki, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne.

Na farko ba zai yi kyau yadda kike so ba, ki sa shi haka nan. Bidiyon da aka fara ɗorawa a YouTube, ranar 23 ga Afrilun 2005, daƙiƙa 19 ne kacal, Jawed Karim, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shafin, yana tsaye gaban giwaye a gidan namun daji na San Diego a Amurka. Ki ɗaukar wa kanki ɗaya a mako, ranar da dama kina da aikin gara, don kada bidiyon ya zama ƙarin kashe kuɗi. In kin ɗora na farkon ki sake rubuto mini.

Tambaya: Malam, na gama makaranta ina zaune a Gombe ba aiki. Na buɗe tashar YouTube ina ɗaukar yawon da nake yi a gari. Yaushe za a fara biyana? Wani ya ce zai sayar mini da masu bibiya dubu.

Amsa: Ƙanena, ka riƙe kuɗinka. Sayen masu bibiya ya saɓa wa dokar YouTube, suna share na bogi, kuma suna iya rufe tashar gaba ɗaya. Ko ba a kama ka ba, sunaye ka saya, ba idanu ba, alhali kallo ake ƙirgawa.

Ga ƙa'idar samun kuɗin talla: masu bibiya 1,000, tare da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Ka yi lissafin da kanka. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In kowane mai kallo yana tsayawa minti huɗu, kana buƙatar a kalle ka sau 60,000. Bayan ka cika ƙa'idar, za ka buɗe asusun AdSense, wato asusun Google da ake biyan kuɗin talla ta cikinsa, wanda sai ɗan shekara 18 zuwa sama. In kuɗin ya kai dala 10 za a aiko maka da lambar tabbatar da adireshi ta gidan waya, ba a kuma tura kuɗi banki sai sun kai dala 100. A dogon bidiyo kasonka 55 ne cikin ɗari na kuɗin tallan. Ka sani kuma farashin talla ya danganta da inda masu kallo suke, kallon da aka yi daga Najeriya bai kai na Amurka ko Ingila kawo kuɗi ba.

Ban faɗi wannan don in kashe maka gwiwa ba, ina tausayin matasan da ke zuba kuɗin data wata da watanni suna jiran albashin da ba a yi musu alkawarinsa ba. Yawo kawai ba ya tara jama'a. Ka zaɓi abu ɗaya da mutum zai ƙaru da shi: farashin hatsi ranar kasuwa, hira da maƙera da majema da masu gyaran waya kan yadda ake koyon sana'arsu. Sau da yawa kuɗin farko daga mai shagon da ya ga aikinka ya ce ka ɗaukar masa talla yake fitowa, tun kafin YouTube ta san da zamanka. Ka nemi abin yi na rana, bidiyo ya zama na yamma.

Tambaya: Na sa bidiyon kamun yayata a intanet, an kashe masa sauti, kuma gwaggonmu ta yi fushi don ta fito a ciki tana rawa. Ina laifina? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: 'Yata, na sautin mai sauƙi ne. Waƙar da aka kunna a wurin tana da mai ita, kuma shafukan nan suna da na'urar da ke gane waƙa ko da daga lasifikar biki ta fito. In ta gane, sai a kashe sautin, ko a toshe bidiyon, ko kuɗin tallan ya tafi wurin mai waƙar. In mai haƙƙin ya shigar da ƙara aka sauke bidiyon, gargaɗi ne a kanki, kuma a YouTube gargaɗi uku na rufe tasha. Akwai rumbun kiɗa na kyauta a cikin YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke kula da bidiyoyinsa, ki riƙa ɗauka daga nan.

Na gwaggo kuwa tana da gaskiya. Kamu taron mata ne, ta saki jiki ne don ta san tsakanin 'ya'yanta da ƙannenta take, ba ta yi rawar don mutanen da ba ta sani ba. Na sha ganin yadda fili ke mutuwa da zarar an ɗaga wayoyi, manyan mata su ja mayafi su koma kujera. Izinin ɗauka daban, izinin watsawa daban, kowanne sai an nema, balle in akwai yara a ciki. Hukuma ma tana kallon abin da ake sawa: a shekarar 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara kan bidiyon da ta ce ya ɓata sunan gwamnan lokacin.

Ki sauke bidiyon yau, ki roƙi ƙawayen da kika tura wa su goge nasu. Sannan ki je gidan gwaggo da ƙafarki, ba ta waya ba, ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ki nuna mata a wayar cewa kin cire. In har yanzu kina son sa wani abu na bikin, ki yanko wurin lalle da kayan lefe da adon amarya, ki nuna wa yayarki da mijinta, in sun amince ki ɗora.