Tambaya da Amsa: Zuciyata na hana ni cin Jibi

TAMBAYA: Baba Fasto sannu da aiki. Ni 'yar zumuntar mata ce a Tudun Wada nan Jos. Na daɗe ban ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci, don duk lokacin da aka ce kowa ya binciki kansa sai in ji wani abu a ciki yana ce min ban isa ba, sai in zauna har a gama rabawa. Dan Allah wannan muryar ruhuna ce, ko Ruhu Mai Tsarki, ko Shaiɗan ne?

AMSA: Yauwa 'yata, sannu. Toh ki buɗe 1 Korantiyawa 11, amma kar ki fara daga aya 28 yadda aka saba, ki koma aya 20 zuwa 22. Abinda ke faruwa a Koranti shi ne masu hali suna riga kowa cinye abinci har wasu su bugu, talakawa kuma su tashi da yunwa, shi ya sa manzo Bulus da ya rubuta wasiƙar ya ce kowa ya gwada kansa. Laifi ne mai suna, kowa na ganinsa. Kuma ayar bata tsaya a gwajin ba, cewa tayi ya gwada kansa sannan ya ci.

Maganar ruhunki kuwa, eh yana da aiki. 1 Korantiyawa 2:11 ta ce ba mai sanin abinda ke cikin mutum sai ruhun mutumin, Karin Magana 20:27 kuma ta kira shi fitilar Ubangiji mai haska lungunan ciki. Mai gidanki bai san dalilin da yasa kika yi shiru a mitin ɗin zumunta ba, ke kin sani, ko haƙuri ne ko fushi kika haɗiye. Amma kinga fitila nunawa take yi, bata yanke hukunci, kuma Irmiya 17:9 ta faɗa mana zuciya gwanar ruɗi ce, wani lokaci ta wanke mai laifi wani lokaci ta ɗaure wanda aka riga aka yafe masa. Dauda sarki guda ya kwashe watanni bai amsa laifin zinar da ya yi da Batsheba matar wani ba, sai da annabi Natan ya zo ya ce masa kai ne mutumin. Bulus ma a 1 Korantiyawa sura 4 ya ce lamirinsa bai kama shi da komai ba amma wannan bai wanke shi ba, Ubangiji ne alƙali.

Ni yadda nake rarrabewa, in Ruhu Mai Tsarki ne ke taɓa ruhunki zai kama abu takamaimai, kuɗin adashe da kika riƙe, gulmar matar dattijo, gaba da facalarki, kuma in kin tuba kin gyara sai nauyin ya sauka. Ita kuwa "ban isa ba" ɗin nan da bata da kai bata da gindi, kiyi ta addu'a tana nan, ban yarda daga wurin Ruhu Mai Tsarki take ba. Wa ya isa dama? 1 Yahaya 3:20 ta ce ko zuciyarmu ta kama mu Allah ya fi zuciyarmu.

Daren Asabar ki zauna da Zabura 139:23-24, ki roƙi Allah shi ya bincike ki, minti 15 ya isa. In wani suna ya faɗo miki a rai ki nemi mai sunan kafin sujada kamar yadda Matiyu 5:23-24 ta ce, ko a waya ne. In ba komai, ki tashi ki karɓa. In kuma nauyin ya kai ga hana ki barci da cin abinci, ki samu matar fastonku ku zauna, kar ki ji kunyar ganin likita ma.