Ko haihuwa a keji tana ceton damisa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗalibi ne a Tawa. Na ga wani bidiyo a Facebook na wani gidan dabbobi a ƙasar waje, ana ba ƴaƴan damisa madara da kwalba, baƙi suna ɗaukar hoto da su. Masu wurin sun ce suna kiwonsu ne don kada irin ya ƙare. Gaskiya ne? Kuma me zai hana a kawo su Nijar mu ma mu kiwata, tunda fili gare mu?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi albarka. Jikata ta nuna mini irin wannan bidiyo nan Yamai, kuma raina bai yi daɗi ba.

Mu fara raba damisa biyu, don Hausa suna ɗaya ta ba su. Tamu ta Afirka ita ce mai ɗigo-ɗigo, wadda mafarauta ke yi wa kirari da "ƙi sabo". Wadda ka gani kuwa mai ratsi-ratsi ce, ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, kuma ƴar Asiya ce: Indiya, Nefal, gabashin Rasha, tsibirin Sumatra. Ba ta taɓa zama a dajin Afirka ba.

Cewa tana cikin haɗari, wannan gaskiya ne. An ƙiyasta kusan 100,000 a daji a farkon ƙarnin da ya wuce, amma zuwa 2010 saura wajen 3,200. Ta tsibiran Bali da Jaba ta ƙare ƙaf. Sai dai ka lura da wani abu: haihuwa ba ta taɓa yi wa wannan dabba wuya ba. Cikinta wata uku da rabi ne, tana zuba biyu zuwa huɗu, kuma a keji ma haihuwarta take yi kamar kyanwa. An yi ƙiyasin cewa waɗanda ke tsare a Amurka kaɗai sun kai 5,000. In da yawan na keji ne magani, da tuni an rufe zancen.

Matsalar tana wajen raino. Ɗan damisa yakan yi kusan shekara biyu yana bin uwarsa. A nan yake koyon laɓewa, da bin iska don kada nama ya ji warinsa, da inda ake kama wuya, da gudun ɗan Adam. Wanda aka raba da uwa tun yana jariri don a riƙa miƙa shi hannun baƙi bai san ko ɗaya ba. Ya girma yana ganin mutum shi ne mai kawo abinci. Ka sake shi a daji, ko yunwa ta kashe shi, ko ya nufi garken mutane a harbe shi. Ina yaro, wani maƙwabcinmu ya tsinci ƴar barewa, ya shayar da ita nonon akuya har ta girma tana bin yara zuwa rijiya. Ranar da ya ce bari ya mai da ita daji, ba ta kwana biyu ba karnukan mafarauta suka same ta, don ba ta san kare abin gudu ba ne. Har yau in na tuna sai tausayinta ya kama ni.

Akwai kuma inda abin ya wuce sakaci ya zama cin amana. A 2016 hukuma ta shiga wani wurin ibada a Tailan da ya yi suna wajen hoto da damisa. An kwashe 147 gaba ɗaya, aka kuma tarar da gawar jarirai 40 a cikin firji. Fiye da rabin waɗanda aka kwashe sun mutu daga baya, kuma hukuma ta ɗora laifi a kan cuta da barbarar dangi na kusa. Saboda haka duk wurin da ka ga kullum akwai sabbin jarirai na hoto, ka tambayi inda na bara suke.

Ba na cewa duk kiwon gidan dabbobi banza ne. Akwai masu rubuta asalin kowace dabba, ba sa haɗa dangi, ba sa bari a taɓa ƴaƴa. Wannan ajiyar iri ce, kamar rumbun tsimi, kuma tana da amfaninta. Amma abin da ya ɗaga yawan damisa a daji wani abu ne daban. Indiya ta fara shirinta a 1973 zamanin Indira Gandi, ta keɓe dazuzzuka ta sa masu gadi, kuma ƙidayar 2022 ta ba ta kusan 3,682. Nefal ta tashi daga 121 a 2009 zuwa 355 a 2022. Da mafarauta suka ƙarar da damisar dajin Sariska na Indiya, daga wani dajin ƙasar, Rantambor, aka ɗauko na dawa aka zuba a 2008. Kowace babbar damisa tana buƙatar dabba kamar 50 a shekara, don haka sai an tsare barewarta da alhanzir ɗinta kafin a tsare ta.

Batun kawo ta Nijar kuwa, a'a, ɗana. Ba dajinta ba ne, kuma muna da namu da ke jiran kulawa. Zakin Afirka ta Yamma, binciken da aka fitar a 2014 ya ce saura wajen 400, mafi yawansu a dajin W da maƙwabtansa Arli da Panjari. Raƙumin dawan Kure ya sauka zuwa 49 a 1996. Ba keji aka sa shi ba, manoman yankin ne da ma'aikatan gandun daji suka yarda ya ci gawo a gonakinsu lafiya, har ya haura 600. A 2018 an ɗebi takwas an kai Gadabeji. In ka samu hutu ka zo Yamai, Kure tafiyar kamar kilomita 60 ce daga nan. Ka fara tambayar halin hanya kafin ka kama ta.