Yadda za ki rage saurin yanke wa mutane hukunci

'Yar'uwa, kin ce da kin ga mutum a coci sai zuciyarki ta yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba, kina kuma neman mafita. Na sha fama da wannan. Akwai wata a zumuntar matanmu da ta yi wata uku ba ta zuwa, na ce a raina ai ta ja da baya. Ranar da na je gidanta na same ta tana wanke zannuwan surukarta da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Kunya ta hana ni haɗa ido da ita.

Ki fara da tambaya kafin ki yanke. A 1 Sama'ila sura 1, Eli firist ya ga leɓunan Hannatu na motsi ba a jin murya, ya ɗauka ta bugu ne, alhali kukan rashin haihuwa take kai wa Allah. Sannan ki duba naki laifin tukuna, kamar yadda Yesu ya koyar a Matiyu 7 kan gungumen da ke idon mutum.

Ki kiyayi gulma da sunan "mu yi mata addu'a". Tawali'u kuma bai hana faɗar gaskiya ba. Matiyu 18:15 ya ce ki sami wanda ya yi miki laifi ku biyu kawai. Amma in ana dukan wani ne ko cin zarafin yaro, kada ki riƙe shi ke kaɗai, ki sanar da fasto ko dattawan ikkilisiya, a kai ga hukuma.